Numfashin kwantar da hankali: wanne zaka ɗauka, wanne zaka bari?

Shawarar da aka fi ba mutum in hankalinsa ya tashi ita ce "ja numfashi sosai", kuma ni dai na daɗe ina bin shawarar nan tana ƙara min wahala ban sani ba. Gabana na faɗuwa, ƙirjina ya ɗaure, sai in buɗe baki in yi ta zuƙar iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa, can sai jiri ya ɗebe ni, yatsuna su fara yam-yam kamar kiyashi na yawo a ciki, sai in ƙara tsorata in ce shikenan wani abu ya taɓa min zuciya. Ashe rabin abin ni nake jawo shi da numfashina. Tun daga lokacin da na gane haka na shiga bin diddigin hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, dan yanzu in ka buɗe YouTube ko TikTok kowa da nasa salon, wannan yace ka ƙirga huɗu huɗu, wancan yace huɗu bakwai takwas, wani yace ka yi ta haki sau talatin sannan ka riƙe, kuma duk sunansu ɗaya wai numfashin daidaita jijiyoyi. Ba abu ɗaya bane wallahi. Wasunsu ma kishiyoyin juna ne, ɗaya kwantar da kai yake ɗaya tayar da kai yake, in ka ɗauki wanda bai dace da halin da kake ciki ba to an gudu ba a tsira ba.

Kafin zaɓi akwai abu biyu da in ka riƙe su, kai da kanka zaka iya auna duk wani salon da aka kawo maka.

Na farko, akwai sashen jijiyoyin jiki da ke aiki ba tare da ka sa shi ba, shi ke kula da bugun zuciya da narkar da abinci da gumi da faɗin hanyoyin jini. Reshe biyu gare shi, likitoci na kiransu simfatetik da farasimfatetik, ni kuma na fi gane su a matsayin totur da birki. Totur shi ke tashi in ka firgita, zuciya ta hau gudu, baki ya bushe, ciki ya ɗuri ruwa. Birkin kuma mafi yawan aikinsa ta wata doguwar jijiya yake bi, sunanta begus, ita ce ta 10 a cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa kai tsaye, ta sauko ta wuya ta ratsa ƙirji ta taɓa zuciya da huhu har ta gangara hanji. Ba zaka iya ce ma zuciyarka ta rage gudu ta ji maganarka ba, amma numfashi shi ne wanda yake tafiya da kansa kuma kana iya karɓar sitiyarinsa. Kuma ga inda suka haɗu: duk sanda ka shaƙi iska birkin nan yana ɗan sassautawa zuciya ta ƙara sauri, duk sanda ka fitar sai ya kama zuciya ta rage. Gwada yanzun nan, ɗora yatsa biyu a wuyan hannunka ka shaƙa a hankali ka fitar a hankali, in kana da ƙuruciya da lafiya zaka ji bambancin ƙarara. Kenan fitar da iska ita ce birki, ba shaƙa ba.

Na biyu shi ne wanda mutane suka fi jahilta. Mun ɗauka iskar kabon dayoksaid datti ce kawai da ya kamata a fitar iya fitarwa, alhali jiki na buƙatar wani adadi nata a cikin jini. Lafiyayyen mutum a zaune jininsa ya riga ya cika da oksijin, kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, dan haka in ka yi ta zuƙa da ƙarfi ba wani oksijin kirki kake ƙarawa ba, kabon ɗin kake zubarwa. In ya yi ƙasa sai hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, ga jiri, ga yam-yam a yatsu da gefen baki, wani har hannunsa ya ƙage. Sannan jini ya ƙara riƙe oksijin ɗin gam ya rage sakinsa ga tsoka da ƙwaƙwalwa, abin da Christian Bohr ɗan ƙasar Denmak ya bayyana tun 1904. Shi ya sa numfashi mai kwantarwa a hankali yake kuma marar hayaniya, ba ƙato ba. Duk salon da zan ambata tambaya biyu nake masa: yana tsawaita fitarwa? kuma yana barin kabon ɗina a inda yake?

Bari in fara da wanda na fi so, ajiyar zuciya. Eh, ita dai ajiyar zuciyar da ka sani. Ka taɓa lura da yaro in ya gama kuka ya gaji? Zaka ji ya ja iska sau biyu a jere, ɗaya kan ɗaya, sannan ya sauke doguwa, daga nan jikinsa ya saki. Jiki da kansa yake yin wannan, babba ma yana yi kusan duk minti biyar bai sani ba, saboda ƙananan jakunkunan iska na cikin huhu suna ɗan lotsewa in an daɗe ana numfashi sama-sama, ja na biyun nan shi ke sake buɗe su. A 2016 ma Jack Feldman na jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles da Mark Krasnow na Stanford sun gano ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke kunna ajiyar zuciya a jikin ɓeraye. Yin ta da gangan ba wuya: shaƙa ta hanci, kafin ka fitar ka ƙara ɗan ƙaramin ja a kai, sannan ka saki ta baki a hankali har ta ƙare, fitarwar ta fi shaƙar tsawo sosai. Babu ƙirge, babu agogo, ba sai ka rufe ido ba.

Abin da ya ɗaga darajarta shi ne wani bincike na jami'ar Stanford da ya fito a 2023, wanda David Spiegel da Andrew Huberman da Melis Balban ke cikin masu shi. Sun raba mutum ɗari da 'yan kai gida huɗu, kowa minti biyar a rana har kwana 28: masu ajiyar zuciya, masu numfashin akwati (shaƙa, riƙewa, fitarwa, riƙewa, duk tsawo ɗaya), masu numfashin sauri da riƙewa, da masu zama shiru suna lura da numfashinsu kawai ba tare da sun canza shi ba. Duka gidajen sun samu sauƙi, wannan a faɗe shi, amma masu ajiyar zuciya su suka fi samun daɗin rai kuma yawan numfashinsu a minti ya fi sauka. Bincike ɗaya ne, mutanen ba su da yawa, kuma su ne suke faɗin yadda suke ji da bakinsu, to kar a mayar da shi wahayi. Amma in ka haɗa da cewa ba ta da riƙe numfashi kuma sau biyu ko uku ma tana aiki a tsakiyar tashin hankali, ni a wajena ita ce ta gaggawa. Kana tsaye za a kira sunanka ka yi magana gaban mutane, ko an faɗa maka magana mai zafi kana jin amsa na tasowa daga ciki, ba lokacin ƙirga bakwai da takwas bane. Inda take da matsala ɗaya ne: in ka mayar da ja biyun nan manya-manya kana maimaitawa da sauri, ka koma gidan jiya, ka zubar da kabon jiri ya zo. Ja na biyu ɗan kaɗan ne, kamar ɗigo a kan kofin da ya kusa cika.

Sai numfashi shida a minti ɗaya, wanda shi kuma ba na gaggawa bane, na gina jiki ne a hankali. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, a nan kuma zaka sauko da shi zuwa wajen shida, wato kowane numfashi daƙiƙa goma, ko biyar ciki biyar waje, ko huɗu ciki shida waje. Me ya sa shida? Saboda akwai wasu ma'auna a jikin manyan hanyoyin jini na wuya da ƙirji da ke lura da hawan jini da saukarsa suna gyara bugun zuciya, kuma zagayen aikinsu kusan daƙiƙa goma yake ɗauka. In numfashinka ya zo daidai da wannan zagayen sai su haɗu su ƙarfafa juna, kamar yadda in kana tura lilo a daidai lokacin da ya dawo sai ya yi ta ƙara nisa ba tare da ka sa ƙarfi ba. Bugun zuciya ya dinga hawa da sauka sosai tare da numfashin, kuma wannan sassauyawar tazarar bugun alama ce ta birki mai lafiya. Paul Lehrer da Evgeny Vaschillo su suka yi fice a wannan aikin, kuma sun nuna ba kowa ne shida cif ba, wani biyar ne wani shida da rabi. Akwai ma wani bincike da nake so na likitan Italiya Luciano Bernardi a 2001, ya ga masu jan carbin Katolika da harshen Latin da masu maimaita kalmomin yoga duk numfashinsu na sauka wajen shida a minti ba tare da an ce musu su yi ba, tsawon jimlar da suke karantawa ne ya tsara musu shi.

To amma fa sai an yi haƙuri da shi, kuma sai an faɗi gaskiya a kansa. Tsarin da su Lehrer ke bayarwa minti 20 ne sau biyu a rana, mutum nawa ne zasu iya riƙe wannan wata da watanni? Ni minti goma nake yi kuma shi ma ba kullum nake cikawa da daɗi ba, satin farko ji nake kamar iskar bata isa ta, sai da na gane ina cika huhu ne fiye da kima sannan na rage girman shaƙar abin ya zauna. Sannan akwai wani gwaji da Guy Fincham da abokan aikinsa na jami'ar Sussex a Ingila suka yi a 2023 da mutum 400, rabi suna numfashi biyar da rabi a minti, rabi suna 12 a minti, wajen minti goma kullum har sati huɗu. Duka biyun damuwarsu ta ragu, kuma ba a ga bambanci tsakaninsu ba. Wannan ya sa na rage ɗaga murya a kan lambar shida. Canjin da take yi ma bugun zuciya a lokacin da kake yi tabbas ne, ana auna shi, amma wani kaso na natsuwar da kake ji daga zaman ne kawai, ka ajiye waya ka bi abu ɗaya na minti goma. Duk da haka in aka ce in zaɓi na kullum shi zan ɗauka, dan ba ya da riƙewa, ba ya takura, mai shekaru da mai ƙuruciya duk suna iyawa, kuma yana ɗan sauke hawan jini ga wasu, ɗan kaɗan fa, ba wanda zai sa a ajiye ƙwaya ba.

Yanzu ga biyun da aka fi tallatawa, kuma mutane na yawan tambayar wanne ya fi a cikinsu: numfashin akwati da huɗu bakwai takwas.

Na akwati shi ne shaƙa huɗu, riƙe huɗu, fitar huɗu, riƙe huɗu, kamar kana zana gefe huɗu na akwati. Ya yi suna ne saboda ana danganta shi da zaratan sojojin ruwan Amurka, kuma in ka duba yadda aka gina shi zaka gane dalilin da zai dace da soja. Shaƙa da fitarwa daidai suke, bai karkata wajen birki ba bai karkata wajen totur ba, abin da yake yi shi ne ya rage gudu zuwa ƙasa da numfashi huɗu a minti kuma ya ba ƙwaƙwalwa aikin ƙirge ta daina zarya. Zaka natsu amma idonka a buɗe. Kafin jarrabawa, kafin intabiyu, kafin ka shiga aikin da ke son hankalinka duka, nan ne gidansa. Amma riƙewar nan ta bayan ka fitar da iska, huhu ba komai, ita ce ke ba mutane da yawa wahala, mai saurin firgita in ya ji wannan ƙishin iskar sai jikinsa ya fassara shi da an shaƙe shi. In kai irin wannan ne ka fara da uku uku, ko ka cire riƙewar ƙarshe gaba ɗaya, ba wanda zai kama ka.

Huɗu bakwai takwas kuma likitan Amurka Andrew Weil ne ya yaɗa shi, ya samo shi daga darussan numfashi na yoga a Indiya. Shaƙa ta hanci huɗu, riƙe bakwai, fitar ta baki takwas da ɗan sauti, harshe na taɓa bayan haƙoran sama. Fitarwa ta ninka shaƙa, dan haka ya fi na akwati nauyi wajen birki nesa ba kusa ba, shi ya sa aka fi kai shi wajen barci. Abu biyu ne masu yaɗa shi ke mantawa su faɗa. Shi kansa mai shi cewa ya yi zagaye huɗu kacal a zama ɗaya a watan farko, sai daga baya a kai takwas, ba wai ka kwanta ka yi ta yi rabin awa ba. Kuma ba dole ƙirgen ya zama daƙiƙa cikakkiya ba, ma'aunin ne ke da muhimmanci, in bakwai ta yi maka tsawo ka ƙirga da sauri. Maganar da ake yi wai zai sa ka barci cikin minti ɗaya kuwa, kar ka ɗora ranka a kai, dan in baka yi barcin ba sai ka fara jin haushin kanka, haushin kuma ya ƙara kore barcin. Ni abin da yake min shi ne ya katse tunanin da ke zagaye a kaina ya sauke kafaɗuna, barci kuma ya zo a lokacinsa.

In ka sa su a sikeli: da rana kana son natsuwa da kaifin hankali, akwati. Da dare kana son jiki ya saki, huɗu bakwai takwas. In kuma riƙe numfashi na tayar maka da hankali, ko kina da juna biyu, ko akwai ciwon zuciya ko na huhu, bar su duka biyun a koma huɗu ciki shida waje, kusan duk amfanin yana nan ba tare da riƙewar ba. Gaskiya ni ina ganin da yawan masu yabon huɗu bakwai takwas doguwar fitarwar ce ke musu aiki, ba bakwai ɗin tsakiya ba.

Akwai ƙanana guda biyu daga yoga da ba zan daɗe a kansu ba. Toshe hanci ɗaya a shaƙa ta ɗayan a sauya, yana rage gudu kuma yana ba hannu da hankali abin yi, in yana maka daɗi yi abinka, amma bayanin da ake jinginawa da shi wai yana daidaita ɓangaren dama da hagu na ƙwaƙwalwa ba shi ne dalilin da zai sa ka zaɓe shi ba. Sai fitar da iska da guɗa a rufe da baki, mmmm kamar ƙudan zuma. Wannan ina sonsa ga wanda ƙirge ke gundura, dan sautin da kansa ke ja maka fitarwar ta yi tsawo, kuma wasu masu bincike biyu a Suwidin sun auna a 2002 cewa yin wannan sautin na ninka iskar naitirik oksaid ta cikin hanci kusan sau 15, wata iska ce da ke taimaka ma hanyoyin jini su buɗe. Matsalarsa dai ba ka yinsa a cikin mutane.

Buteyko daban yake da sauran, dan shi ba darasin minti biyar bane, sauya ɗabi'ar numfashi ce gaba ɗaya. Konstantin Buteyko likita ne a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, a shekarun 1950 ya fito da ra'ayin cewa mutane da yawa numfashi suke fiye da buƙata, sai ya koyar da rufe baki, shaƙa ta hanci, da rage girman numfashi har ka ji ɗan ƙishin iska kaɗan. Ya jingina cututtuka masu yawa da wannan, abin da bincike bai tabbatar masa ba. Inda aka gwada shi sosai shi ne asma, kuma abin da aka gani shi ne masu yi suna jin sauƙin alamomi suna rage yawan shaƙar inhelar gaggawa, amma ƙarfin huhun da ake aunawa bai canza ba. Ma'ana ciwon na nan. Dan Allah mai asma kar ya ajiye inhelarsa saboda wani ya koya masa numfashi, wannan ganganci ne da rai. Wanda zai fi amfana da tunanin Buteyko shi ne mai yawan hamma da jan dogon numfashi duk yini yana jin iska bata isa, baki a buɗe, ƙirji na sama da ƙasa, an duba shi an ce huhu da zuciya lafiya.

Sai mu zo kan masu zafi, kuma nan ne nake so a saurare ni da kyau. Salon Wim Hof, mutumin ƙasar Holan da ya yi suna da shiga ƙanƙara, shi ne ka ja manyan numfashi 30 zuwa 40 a jere, ka fitar ka riƙe iya iyawarka, ka shaƙa ka riƙe wajen daƙiƙa 15, ka sake zagaye uku ko huɗu. Auna shi da tambayoyi biyun can: ba ya tsawaita fitarwa, kuma da gangan yake zubar da kabon. Wannan totur ne tsantsa. A 2014 masu bincike a jami'ar Radboud ta Holan sun horar da samari 12 lafiyayyu da salon, aka yi musu allurar wani guba na ƙwayar cuta tare da wasu 12 da ba a horar ba, waɗanda aka horar adirenalin ɗinsu, wato sinadarin da jiki ke saki in an firgita, ya yi sama sosai, alamun kumburi a jininsu suka ragu, zazzaɓi da ciwon jikin ma bai kai na sauran ba. Abin mamaki ne kam, amma lura da abin da ya tashi: adirenalin. Kuma horon ya haɗa da shiga sanyi da zaman tattara hankali, ba numfashi kaɗai ba. Masu yi suna cewa suna jin wartsakewa da wata irin natsuwa bayan sun gama, na yarda da su, kamar wadda ake ji bayan gudu ce. Amma wanda ya zo neman maganin faɗuwar gaba aka miƙa masa wannan, an ba shi duk abin da yake tsoro ne a dunƙule, jiri da yam-yam da bugun zuciya.

Haɗarinsa kuma na gaske ne. Abin da ke sa ka ji dole sai ka shaƙi iska taruwar kabon ne, ba ƙarancin oksijin ba. In ka zubar da kabon ka riƙe numfashi, ƙararrawar da zata gargaɗe ka ka kashe ta, oksijin na ta sauka kai kana jin lafiya lau, sai dai kawai ka sume ba sallama. A kan katifa zaka farfaɗo. A cikin ruwa, ko da bahon wanka ne, mutane sun mutu ta haka. Ba a yi a ruwa, ba a yi ana tuƙi, ba a yi a tsaye. Mai farfaɗiya, mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, duk su nisance shi. Haka ɗan'uwansa holotirofik da Stanislav Grof da matarsa Christina suka ƙirƙiro a shekarun 1970, inda ake numfashin sauri na awanni da kiɗa dan a fita daga hayyaci a tono abin da ke binne a rai, wannan ba abin gwadawa bane kai kaɗai a ɗaki, kuma mai tarihin taɓin hankali bai kamata ya kusance shi ba.

Mai fama da firgicin nan da ke faɗowa kwatsam, wanda zaka ji kamar mutuwa ce ta zo, shi ne na fi tausayawa a wannan kasuwar, dan shi aka fi ba shawarar da ba daidai ba. Alicia Meuret a Amurka ta yi aiki a kan wani horo da ake sa ma masu wannan matsalar na'urar auna kabon a numfashinsu, ana koya musu su yi numfashi a hankali kuma marar zurfi har kabon ɗin ya dawo daidai, akasin "ja sosai" kenan. To in kai ne, baki a rufe, ƙaramar shaƙa ta hanci, hannu a ciki ka ji shi ne ke motsi ba kafaɗa ba, fitarwa a hankali kamar kana hura abu mai zafi baka so ya zube. Zaka ji kamar iskar bata isa ba, wannan jin ba alamar haɗari bace, kabon ne ke dawowa. Tsohuwar dabarar numfashi cikin jakar takarda kuma likitoci sun daina son ta, dan in abin asma ne ko zuciya ba firgici ba, jakar na iya ƙara rage oksijin. Kuma ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, ko mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko sarƙewar numfashin da baka saba ba, ko leɓe ya canza launi, wannan asibiti ne kai tsaye, ba a tsaya ƙirga huɗu.

Akwai kuma waɗanda lura da numfashi kanta ke tayar musu da hankali, musamman wanda ya taɓa shiga wani mummunan abu da ya bar masa tabo a rai. In ka rufe ido ka bi numfashinka ka ji abin na ƙaruwa, ba gazawarka bace. Buɗe ido, tashi ka yi tafiya, ka shaƙa a taku uku ka fitar a taku biyar, ko ka yi sautin ƙudan zuman nan, hankali na kan sautin ko ƙafa ba kan ƙirji ba.

Da aka tattara gwaje-gwaje 12 masu mutum 785 a 2023, sakamakon da ya fito shi ne darussan numfashi na rage damuwa, ragi ƙarami zuwa matsakaici. Haka girman abin yake, kuma ni bai rage min shi a ido ba, abin da ke tare da kai ko'ina kuma yake aiki cikin minti ɗaya ba ƙaramin abu bane. Amma damuwar da ta hana ka aiki da barci da cin abinci sati da satittika tana buƙatar likita ko mai ba da shawara, numfashin sai ya zama ɗan rakiya.

Ni yadda na tsara nawa: ajiyar zuciya biyu ko uku duk sanda abu ya taso min da rana, huɗu ciki shida waje na minti goma da yamma, huɗu bakwai takwas zagaye huɗu in na kwanta kaina ya ƙi yin shiru. Akwati sai in zan shiga abin da ke son in tattara hankalina. Na sauri kuwa na gwada a kwance na ga ba nawa bane na bar shi. In zaka fara, ɗauki guda ɗaya tak ka riƙe shi sati biyu a lokacin da kake lafiya lau, dan jiki ba ya koyon sabon abu a tsakiyar firgici, sai wanda ya riga ya saba da shi yake iya ɗaukowa. Ranar farko ka ƙirga numfashinka na minti ɗaya kana zaune ka rubuta, bayan sati biyu ka sake ƙirgawa a daidai wannan lokacin. In kuma kana cikin yi ka ji jiri ko yam-yam ko hamma ta dame ka, kar ka ƙara ja, rage girman shaƙar da rabi ka cigaba.